Yadda ake kafa reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya, a riƙe mambobi, a tafiyar da ayyukansa

Tambayar yadda tsohon soja zai shiga ko ya kafa reshen ƙungiya ta yi yawa, har na ga gara in zauna in amsa ta gaba ɗaya. Wani ya ce ya yi ritaya bara, har yau bai san inda zai kai sunansa ba. Wasu sun ce su goma sha ne a yankinsu, ba sa haɗuwa sai a wajen jana'izar ɗayansu, suna so abin ya zama ƙungiya. Wata baiwar Allah kuma, matar wani marigayi saje, ta ce reshen mijinta ya mutu murus tun ranar da littafin kuɗi ya ɓata, ko da yadda za a tashe shi? Na yi shekaru ina riƙe da sakataren reshe bayan na tuɓe kaki, kuma abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Ku riƙe abu ɗaya kafin mu shiga matakai. A bariki, in mutum bai fito fareti da safe ba, kafin hantsi an san inda yake, ko asibiti, ko gadi, ko gadirum. Ranar da ya karɓi takardar sallama, wannan kiran sunan ya ƙare. Zai iya kwanciya wata uku babu wanda ya leƙo. Aikin reshe shi ne ya dawo da kiran suna, kuma duk matakin da ke ƙasa da wannan ma'auni na auna shi.

1. Ka fara bincika ko akwai reshe

Ƙasashe da yawa suna da uwar ƙungiyar tsofaffin sojoji da doka ta sani. A Amurka akwai American Legion tun 1919, a Ingila akwai Royal British Legion tun 1921, a Najeriya akwai Nigerian Legion tun 1964, a Ghana kuma Veterans Administration Ghana. Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta suna da ofisoshin tsofaffin mayaƙa. Ka je ofishin uwar ƙungiyar mafi kusa da kai, ko ofishin da ke kula da fanshon soja, ka yi tambaya uku: akwai reshe a yankina, wane ne shugabansa, yaushe suke zama?

In akwai, kuma shiga kawai kake so, aikinka ya yi sauƙi. Ka ɗauki takardar sallamarka ta asali da kwafinta, katin shaida, hotunan fasfo, ka halarci zama ɗaya a matsayin baƙo kafin ka biya komai. Ka lura ko ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa. In ana yi, cike fom ka shiga.

Gargaɗi: in reshen yana nan amma ya yi sanyi, ka tashe shi, kada ka kafa kishiyarsa. Ƙungiya biyu a yanki ɗaya na raba 'yan mutanen da ake da su, hukuma kuma takan rasa wadda za ta saurara, sai ta daina sauraron duka biyun.

2. Tara mutanen farko

Mutum bakwai zuwa goma sun isa a fara, amma ka tambayi uwar ƙungiya adadin da take bukata kafin ta amince da sabon reshe, domin kowacce da ƙa'idarta. Ka gauraya su: sojan ƙasa, na ruwa, na sama, hafsa da farabiti, wanda ya yi ritaya tuntuni da wanda bai daɗe ba, da mace ko da guda ce in akwai. In 'yan bataliya ɗaya suka kafa reshe, sauran za su riƙa kallonsa a matsayin majalisar wasu.

A zaman farko a naɗa kwamitin riƙo na mutum uku, shugaba da sakatare da ma'aji, a rubuta cewa wa'adinsu wata shida ne, kuma aikinsu ya tsaya ga abu uku: buɗe rajista, rubuta daftarin tsarin mulki, shirya zaɓe. Kada a karɓi kuɗin kowa a wannan zama. Kayan aikin da za a haɗa hannu a saya ba su da yawa: babban littafin rajista mai bango mai kauri, littafin rubuta bayanin zama, littafin rasit mai lamba mai kwafi, fayiloli, da akwatin ƙarfe mai makulli. Hatimi ya jira sai an sami amincewa.

3. Rajista da tantancewa

A nan zan daɗe, domin reshe a nan yake tsayawa ko ya faɗi.

Kowane mamba a ba shi shafi guda. A rubuta cikakken sunansa yadda yake a takardar sallama, lambarsa ta soja, muƙamin da ya fita da shi, rundunar da ya yi wa aiki, shekarar shiga da ta fita, dalilin fita, lambar waya biyu (tasa da ta wani na gidansa), kwatancen gida wanda baƙo zai iya bi, da sunan magajin da ya rubuta a takardunsa na aiki. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi, alhali shi ke jawo rigima mafi muni. Mutum ya rubuta sunan mahaifinsa yana kurtu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, mahaifin ya rasu, bai taɓa canzawa ba. Ranar da ya faɗi, iyalinsa su yi ta zarya. Tun a teburin rajista ku tambaye shi, in akwai gyara ku nuna masa ofishin da zai je tun yana da ƙafarsa.

A bar fili a ƙasan shafin don lafiyarsa: ciwon da yake fama da shi, ko yana iya fitowa, ko yana ji sosai. Da yawa cikinmu kunne ya tafi saboda ƙarar bindiga da igwa da injin jirgi, ana kiran wayarsu ba sa ɗauka, a ɗauka girman kai ne. Wannan fili da yardarsa za a cike shi. In ya ce a'a, a bar shi.

Mutum biyu ne za su tantance, kuma takardar asali za su gani da idonsu kafin su karɓi kwafi. Sunanta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ana kiranta DD-214, amma ko'ina tana ɗauke da lamba da muƙami da ranar fita. A gwada abin da ke cikinta da takardar fansho ko katin shaidar ritaya. Daga nan a ɗan yi hira. A wace makarantar horo ka yi? Wane ne kwamandanka lokacin? Ina aka fara tura ka? Soja na gaskiya ko cikin barci aka tashe shi zai karanto lambarsa ba gargada. Sojan gona kuwa labarin fagen daga yake da shi da yawa, lamba ce ke ba shi wahala.

Gargaɗi: kada ku kunyata kowa a gaban jama'a. Akwai mutanen kirki da gobara ko ambaliya ko yawan ƙaura suka cinye takardunsu. Irin wannan a ba shi rajistar wucin gadi, a nemi mutum biyu da suka yi aiki tare da shi su sa hannu, sakatare ya rubuta wa ofishin adana bayanan rundunarsa a nemo kwafi. Har amsa ta zo yana zama da mu, amma ba ya ƙuri'a, ba ya riƙe muƙami. Wanda kuma aka tabbatar ƙarya yake, a sallame shi a keɓe, a sanar da uwar ƙungiya. A ƙasashe da yawa shigar burtu da kakin soja laifi ne, Amurka ma ta yi doka a 2013 da ke hukunta mai iƙirarin wasu manyan lambobin yabo don ya sami kuɗi ko wata moriya.

Sai ku raba mambobi gida uku. Cikakken mamba shi ne wanda ya yi aikin soja ya fita ta ƙofa. Na biyu iyalai: matan da aka mutu aka bari, mazajen sojoji mata, da 'ya'ya. Na uku masu goyon baya, waɗanda ba su taɓa sa kaki ba amma suna son taimakawa, kamar likita ko lauya ko akanta. Royal British Legion ta buɗe ƙofarta ga kowa, wasu ƙungiyoyin kuma sun taƙaita, don haka ku bi dokar uwar ƙungiyarku. Ra'ayina shi ne matan mamata su sami kujera a kwamitin walwala da cikakkiyar murya. Sun fi mu sanin gidan da ake kwana da damuwa.

Batun wanda aka kora ko kotun soja ta hukunta, kada a bar shi sai ya taso. A rubuta matsayin reshe a kansa tun farko, daidai da abin da uwar ƙungiya ta tanada, don kada a ce don wane aka yi.

4. Tsarin mulki

Shafi huɗu ko biyar ya wadatar. In uwar ƙungiya na da samfuri, ku ɗauka ku cike gurabe. Abin da ba zai yiwu a rasa ba: wa zai iya shiga, muƙamai da aikin kowanne, tsawon wa'adi, adadin mutanen da za su hallara kafin a yanke hukunci, yadda ake kashe kuɗi, yadda ake ladabtarwa da ɗaukaka ƙara, da inda dukiyar reshe za ta koma in ya rushe. Wa'adin shekara biyu, sau biyu a jere, shi na ga ya fi zaman lafiya.

Ayoyi biyu nake roƙo ku sa da babban baƙi. Ta farko, kowane cikakken mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, daga janar har farabiti. Girmamawa na nan daram. Kofur zai ci gaba da ce wa kanar "ranka ya daɗe", ya tashi ya ba shi kujera, wannan tarbiyya ce da ba ma so ta gushe. Amma in aka zo lissafi, kofur na da ikon ya ce, "Yallaɓai, ina rasit?" Na ga reshen da aka ba mafi girman muƙami shugabanci ba zaɓe, don kunya. Mutumin kirki ne, sai dai ba mai iya tambayarsa, a hankali ƙananan suka daina zuwa, saura manya huɗu suna zama su kaɗai.

Ta biyu, reshe ba ya bin jam'iyya. American Legion ta rubuta wannan a tsarin mulkinta tun kafuwarta. Kowa ya yi siyasarsa a waje da sunansa. Ba a kai tutar reshe ko hularsa wajen gangami, kuma mai riƙe da muƙami in zai tsaya takara ya sauka tukuna. 'Yan takara suna son hoto da tsofaffin sojoji, za su zo da alheri a hannu. Ranar da kuka karɓa, rabin mambobinku sun zama 'yan adawa a cikin gidansu.

5. Amincewar hukuma da asusun banki

A bi su a jere: wasiƙar neman amincewa zuwa uwar ƙungiya, haɗe da sunayen mambobi da bayanin zaman farko da daftarin tsarin mulki. In ta amince, a duba ko dokar ƙasarku na bukatar reshe ya yi rajista daban a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ko inuwar uwar ƙungiya ta wadatar. Daga nan a yanka hatimi, a buɗe asusu da sunan reshe. Masu sa hannu uku, biyu dole kafin a cire ko nawa ne, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya.

Gargaɗi: ko na kwana ɗaya kada kuɗin reshe ya kwana a asusun mutum. Ba sai ya ci amana ba. In ya rasu, kuɗin ya shiga cikin gadonsa, ku kuma ba ku da takardar da za ku nuna.

6. Kuɗi

Abin da za ku kashe a shekarar farko sananne ne: kuɗin rajista, kason uwar ƙungiya, littattafai da hatimi, katin mambobi, cajin banki, katin waya na sakatare, kuɗin motar masu ziyara, da wurin zama in ba a samu kyauta ba. Ku fara neman kyauta. Makaranta, zauren jama'a ko ofishin uwar ƙungiya sukan ba da ɗaki awa biyu a wata. Hayar ofis a shekarar farko tana cinye abin da ya kamata ya je wa mara lafiya.

Kuɗin wata a yanka shi da ƙarfin mai ƙaramin fansho. Ma'aunina shi ne kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na fansho mafi ƙanƙanta a cikinku. Mai hali ya ƙara da sunan gudummawa, a rubuta daban, kuma ƙarin bai ba shi ƙarin murya ba. Wanda fanshonsa ya maƙale, da wanda ya kwanta ciwo, da matan mamata, a ɗauke musu. Kuskure ne babba a goge sunan mutum don ya kasa biya. Wanda ya daina biya, sau da yawa shi ne ya fi bukatar a je a duba shi.

Duk abin da ya shigo a raba shi tun ranar: kashi 50 walwala, 30 gudanarwa, 20 ajiyar da ba a taɓawa sai da ƙuri'ar babban taro. Kuna iya sauya alƙaluman, amma kada kason walwala ya gaza rabi.

Kowane kuɗi da rasit, asali ga mai biya, kwafi a littafi. Ma'aji ya karanta shiga da fita a kowane zama, ya ɗaga takardar banki kowa ya gani. Sau ɗaya a shekara mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su binciki littattafan. Mu mun taɓa sakaci da wannan. Ma'ajinmu mai gaskiya ne, a ka yake riƙe lissafi, muka bar shi don mun yarda da shi. Da ciwo ya kwantar da shi ba wanda ya san wa ya biya, wa ake bi. Ba a rasa kuɗi mai yawa ba, amma zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka kwana rami ɗaya, kuma mun fi shekara kafin zukata su dawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gargaɗi: reshe ba ya ba da bashi. A ba da taimako kyauta gwargwadon hali, a rufe maganar. Bashi yana mai da ɗan'uwa mai gudun zama.

7. Zaman wata-wata

Rana ɗaya tsayayya, misali Asabar ta farkon wata, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, da rana don masu raunin gani su koma gida da haske. A zaɓi ɗakin da ba sai an hau bene ba. Awa ɗaya da rabi ta isa.

A buɗe da shiru na minti ɗaya don waɗanda suka riga mu. Daga nan sakatare ya kira suna, kowa da kowa, daga littafi. Wanda bai amsa ba a tambaya, "Wa ya gan shi a watan nan?" In babu, a rubuta sunansa a ba masu ziyara. Sai bayanin zaman baya, lissafin kuɗi, rahoton walwala, saƙonnin uwar ƙungiya da ofishin fansho, sannan sauran batutuwa. Bayan an rufe a bar mutane su yi hira son ransu. Wasu don hirar nan kaɗai suke zuwa, kuma ta isa dalili.

Kada a bar kukan fansho ya cinye zaman. Kuka ne na gaskiya, amma in aka sake shi zai ci awa uku ba a tsinana komai ba. A ware masa minti 20, kowane ƙorafi a mai da shi rubutu: sunan wa, wace takarda, wa zai bi, yaushe zai kawo amsa.

8. Isar da labari

Hanya uku za ku haɗa, don ba wadda ke kai wa kowa. Zauren WhatsApp na sanarwa wanda shugaba da sakatare kaɗai ke iya rubutu a ciki, in ana so a buɗe wani daban na hira. Saƙon tes ga masu ƙaramar waya. Sai sarƙar kira: a raba mambobi biyar-biyar, kowane rukuni da mai kiransu, yadda labarin gaggawa zai zagaye cikin awa ɗaya. Saƙon murya ya fi rubutu amfani ga wanda idonsa ya yi rauni, rubutu kuma ya fi ga wanda kunnensa ya tafi, shi ya sa aka yi filin lafiya a rajista.

Duk wata uku a fitar da takardar labarai shafi ɗaya ko biyu: sababbin mambobi, waɗanda suka rasu, ranakun zama, ranar tantance 'yan fansho da takardun da za a riƙa, da taƙaitaccen lissafi. In da fili a sa tarihin aikin mamba guda, daga bakinsa, da yardarsa. Wannan shafin iyalai ke adanawa.

Gargaɗi: kada a tura labarin ƙarin fansho ko biyan bashin baya sai an ga takardar hukuma ko an ji daga ofishin da kansa. Jita-jita ɗaya kan sa dattijo ya ci bashi a kan kuɗin da ba ya zuwa. Kada a sa adireshin mamba, lambarsa ta soja ko hoton takardunsa a Facebook. Kada a yaɗa motsin dakarun da ke bakin aiki ko hotunan gawarwaki, rantsuwar riƙe sirri ba ta ƙarewa da ritaya. Kuma a riƙa maimaitawa a kowace fitowa: babu ofishin fansho ko banki da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes. 'Yan damfara sun san lokacin da garatuti ke faɗowa.

9. Ziyara da walwala

A naɗa mutum uku ko huɗu masu ƙafa da haƙuri. Biyu-biyu za su riƙa tafiya, in gidan matar mamaci ne a sa mace a cikinsu. A kira kafin a je. A zauna, a saurara, a lura: yana shan maganinsa, akwai mai kula da shi, ranar tantancewarsa ta kusa? Wanda ba ya iya fita, a sanar da ofishin fansho da wuri a tambayi tanadin da suka yi wa marasa lafiya, kada a wayi gari an tsayar da kuɗinsa.

Akwai ciwon da ba ya nunawa a jiki. Mutum ya dawo daga fagen daga shekara da shekaru, har yanzu yana firgita cikin barci, ƙarar ƙofa na sa shi zabura, yana gudun taro, fushi na zuwar masa ba dalili, wani ya koma shaye-shaye don ya samu ya runtsa. Likitoci sun san wannan ciwon firgici, suna kuma maganinsa. Ba rashin jarumta ba ne, na ga yana kama mazajen da ni shaida ne a kan ƙarfin zuciyarsu. Kada ku matsa masa ya ba da labari, kada ku ce masa "ka daure, kai soja ne". Ku nemo sunan asibiti ko likitan ƙwaƙwalwa mafi kusa ku ajiye a fayil, wanda ya fi yarda da shi ya raka shi. In kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko yana rabar da kayansa yana sallama, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma nisanta shi da makami da tarin magunguna.

Abin da masu ziyara suka gani a gida, a kwamitin walwala yake tsayawa. A zaman kowa da kowa cewa za a yi an taimaki mutum kaza da kuɗi kaza, ba a ambaton suna. Soja gara ya kwana da yunwa da a ji shi a bakin taro.

10. In mamba ya rasu

A rubuta wannan tsari a manna a bangon littafin rajista, don ranar ba ranar tunani ba ce. Sarƙar kira ta tashi. Shugaba ko wakilinsa ya isa gidan. Iyali da addinin mamaci su ke da jana'iza, reshe tambaya yake ko suna son tuta ko jeren girmamawa, in sun ce a'a shi ke nan. A miƙa gudummawar rasuwa da tsarin mulki ya yanka, iri ɗaya ga kowa, da rasit.

Bayan mako biyu aikin gaske ke farawa. Mutum ɗaya a ɗora masa fayil ɗin iyalin har ƙarshe: takardar shaidar mutuwa, takardar sallama, takardun fansho, shaidar aure, takardun haihuwar yara, da takardar kotu ta kula da gado in ana bukata. A yi kwafi da yawa, kada a saki na asali sai an karɓi shaidar karɓa. A sanar da ofishin fansho rasuwar da wuri. Iyalai kan ɓoye don kuɗi ya ci gaba da shigowa, daga baya a cire shi daga haƙƙinsu, wani lokaci har da tuhuma. Shafin mamacin kuma ba a yage shi, a buɗe wa matarsa sabo kusa da shi.

11. Ranar tunawa

Ku bi ranar ƙasarku. Ƙasashe da yawa 11 ga Nuwamba suke yi, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, da shiru na minti biyu da ƙarfe 11 na safe. Najeriya 15 ga Janairu take yi, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ostireliya da New Zealand suna da 25 ga Afrilu. In kuna da waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu 29 ga Mayu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu kafin ranar a rubuta wa hukuma neman izinin wuri, a nemi mai busa begila daga bariki mafi kusa ko makarantar da ke da 'yan badujala, a tanadi kujeru da inuwa da ruwa da mai ba da agajin gaggawa. Dattijo ɗan shekara 80 zai ƙi zama don kunya, ya ƙame a rana har ya yanke jiki, don haka samanjan fareti ya ba da umarnin zama da bakinsa. A karanta sunayen mamatan reshe ɗaya bayan ɗaya. A tsarin wasu ƙasashen Kwamanwel mutum na sa lambobin yabonsa a ƙirjin hagu, iyalin da ke ɗauke da na mamacinsu su sa a dama. Batun sa kaki bayan ritaya kuwa, ku tambayi dokar rundunarku kafin ranar.

Gargaɗi: kuɗin biki kada ya fito daga kason walwala. In gudummawa ba ta kai ba, a rage bikin.

12. Sababbin shiga da miƙa ragama

Ku ƙulla hulɗa da ofishin da ke sallamar sojoji a bariki mafi kusa, ku bar musu takarda mai ɗauke da ranar zama da lambar sakatare. Watannin farko bayan fita su ne mafi haɗari, garatuti a hannu, masu kawo shawarar kasuwanci sun yi layi, ga kaɗaici. A haɗa kowane sabo da tsohon da ya riga shi fita. Masu ƙuruciyar cikinsu sun iya kwamfuta, ku ba su aikin kwafe rajista a na'ura, a sa mata kalmar sirri, littafin takarda kuma ya ci gaba da zama a akwatinsa.

Wata ɗaya kafin wa'adi ya cika a sanar da ranar zaɓe, a gayyato wakilin uwar ƙungiya ya sa ido, a kaɗa ƙuri'a a asirce. Miƙa ragama a yi shi cikin mako biyu, a rubuce, da shaidu: rajista, littattafan rasit har da waɗanda suka cika, hatimi, makullin akwati, takardar banki ta ƙarshe, fayilolin iyalan da ba a kammala ba, da ikon zauren WhatsApp. A je banki tare a canza masu sa hannu a makon. Sabon sakatare kuma aikinsa na farko shi ne ya ɗauki littafin ya kira kowace lamba daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Wadda ba ta shiga ba ya gwada ta biyun, in ita ma shiru, ya ja layi a ƙarƙashin sunan ya miƙa wa masu ziyara kafin zama na gaba.